Gidajen kansil a Ingila: tambayoyi da amsoshi kan ƙarancinsu, lalacewarsu, da inda kuɗin ke maƙalewa

Duk wanda ya zauna a Landan ko Birmingham ko Manchester, ko yake da ɗan'uwa a can, ya san labarin layin jiran gidan kansil: mutum ya yi rajista ɗansa na goye, har yaron ya shiga sakandare ba a kira shi ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kai. Sikotland da Wales suna da nasu dokokin gidaje, saboda haka yawancin alƙaluman da ke ƙasa na Ingila ne kaɗai.

Mene ne gidan kansil?

Gida ne da ƙaramar hukuma ta mallaka, take ba da shi haya a farashi mai rahusa, galibi wajen rabin abin da mai gida ɗan kasuwa zai karɓa a unguwa ɗaya. A da wanda ya samu yakan zauna har ƙarshen ransa in dai yana biyan haya bai kuma tayar wa maƙwabta hankali ba, kuma har yanzu haka abin yake a wurare da yawa. Akwai kuma ƙungiyoyin gidaje waɗanda ba don riba aka kafa su ba, su ma suna ba da haya mai rahusa. Mutane kan haɗa su duka su kira su gidajen kansil, amma mamallakansu daban ne, hanyar samun kuɗinsu ma daban ce. A yau ƙananan hukumomin Ingila suna riƙe da gidaje kimanin miliyan 1.6, ƙungiyoyin kuwa sun fi su yawa nesa.

Dama can ƙarancin ake fama da shi?

Ko kusa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, dokar 1919 da ake jingina wa minista Christopher Addison ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin gina gidaje da tallafin gwamnatin tsakiya. An yi niyyar gina 500,000, aka tsaya a wajen 213,000 da kuɗi ya yanke, amma hanya ta riga ta buɗe. A wancan zamani ne aka gina unguwar Becontree a gabashin Landan, mai gidaje kimanin 26,000, tsakanin 1921 da 1935. Bayan yaƙi na biyu jam'iyyun biyu gasa suka riƙa yi: Aneurin Bevan na Leba ya nace a kan gida mai faɗi da inganci, Harold Macmillan na jam'iyyar 'yan mazan jiya ya nace a kan yawa. A 1953 kaɗai ƙananan hukumomin Birtaniya sun gina gidaje fiye da 200,000. Zuwa 1979, kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar na kansil ne, kuma direban bas da malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya duk a jere suke zaune.

A 2004, gidajen da dukkan ƙananan hukumomin Ingila suka gina ba su kai 200 ba.

To ina gidajen suka tafi?

Ta ƙofa biyu suka fita. Ta farko ita ce dokar gidaje ta 1980 a zamanin Margaret Thatcher, wadda ta ba ɗan haya 'yancin sayen gidan da yake ciki da rangwame, tsarin da ake kira Right to Buy. Da farko rangwamen daga kashi 33 ne zuwa 50 cikin 100, daga baya ya kai kashi 60 ga gida mai zaman kansa, 70 ga fulat. Daga lokacin zuwa yau an sayar da gidaje wajen miliyan 2 a Ingila.

Ƙofa ta biyu ba a cika maganarta ba. Daga 1988 ƙananan hukumomi da dama suka miƙa gidajensu kacokan ga ƙungiyoyin gidaje, fiye da gida miliyan ɗaya a jimlace. Dalili kuwa shi ne ƙungiya tana iya zuwa banki ta ci bashi ta gyara gidajen, ita kuwa ƙaramar hukuma an ɗaure mata hannu. Waɗannan gidaje dai suna nan ana hayarsu da rahusa, mai su ne ya canza.

Ai mallakar gida abu ne mai kyau. Me ya sa ake ganin laifin sayar wa talaka gidansa?

Ga iyalin da suka saya, babu shakka alheri ne. Da yawansu su ne na farko a zuriyarsu da suka bar wa 'ya'ya gado. Matsalar tana wajen abin da aka yi da kuɗin. Shekara da shekaru ba a bar ƙananan hukumomi su mayar da kuɗin ciniki wajen gina madadi ba: daga 1990 an tilasta musu ware kashi 75 cikin 100 don biyan bashi, daga 2004 kuma kaso mai yawa haka ya riƙa wucewa baitulmalin gwamnatin tsakiya. A 2012 gwamnatin David Cameron ta ɗaga rangwamen zuwa fam 75,000, da alkawarin duk ƙarin gidan da aka sayar za a gina wani a madadinsa. Sai dai an gindaya sharuɗɗa: kuɗin cinikin ba zai wuce kashi 30 na tsadar sabon gini ba, kuma in ba a kashe shi cikin shekara uku ba a mayar wa gwamnati da kuɗin ruwa a kai. Ƙaramar hukumar da ba ta da sauran kashi 70 ɗin, dole ta mayar. Ba a taɓa cika alkawarin madadin ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne inda gidajen suka ƙare. Bincike ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na fulat-fulat da aka sayar ta wannan hanya yanzu suna hannun masu ba da haya 'yan kasuwa. A Landan akwai ƙananan hukumomin da ke karɓar hayar gidan da su suka gina, suka sayar da rangwame, a kan ninkin tsohuwar hayarsa, don su ajiye iyalin da ba su da matsuguni. Wasu ma sake sayen gidajen suke yi a farashin kasuwa.

Sikotland ta soke tsarin a 2016, Wales a 2019. Ingila ba ta soke ba, amma a Nuwamba 2024 gwamnatin Leba ta zaftare rangwamen daga iyakar fam 102,400 (136,400 a Landan) zuwa tsakanin 16,000 da 38,000, ta kuma bar wa ƙananan hukumomi kuɗin cinikin gaba ɗaya. Da aka sanar da ranar da sabon farashin zai fara, sai 'yan haya suka yi ta tururuwar cika takardu kafin ƙofa ta rufe.

Daga ina kuɗin kula da gidajen kansil ke fitowa? Daga haraji ne?

Yawancin mutane haka suke zato, kuma ba haka ba ne. Kowace ƙaramar hukuma mai gidaje tana da asusu na musamman da ake kira HRA, wanda dokar 1989 ta katange shi. Kuɗin hayar da 'yan haya suka biya shi ke shiga, daga ciki kuma ake biyan gyara, albashin ma'aikatan gidaje, sabon rufi da tukunyar ɗumama ɗaki, da bashin da ke kan gidajen. Ba a ɗebo harajin gari a zuba a ciki, ba a kuma ɗebe kuɗin haya a kwashe shara da shi. Ke nan in hayar ta gaza, babu wata taska da za a waiwaya.

Nan ne gizo ke saƙa, domin ba ƙaramar hukuma ke yanke iyakar hayar ba. Gwamnatin tsakiya ke yankewa.

Me ya faru a 2012 da har yanzu shugabannin ƙananan hukumomi ke ƙorafi a kai?

Kafin 2012 gwamnatin tsakiya ke tattara rarar kuɗin haya daga wasu garuruwa ta raba wa wasu. A Afrilun shekarar aka yi sabuwar yarjejeniya: kowace ƙaramar hukuma ta riƙe hayarta duka, amma ta ɗauki wani kaso na bashin gidaje na ƙasa. Waɗanda lissafi ya hau kansu sun biya gwamnati wajen fam biliyan 13, da rance. An auna bashin kowa bisa hasashen shekara 30, a kan cewa haya za ta riƙa hawa kaɗan sama da hauhawar farashi kowace shekara. Har aka tabbatar musu da ƙa'idar ƙarin haya ta shekara goma daga 2015.

Shekara ɗaya kawai ƙa'idar ta yi aiki. A Yulin 2015 ministan kuɗi George Osborne ya ba da umarnin a rage haya da kashi 1 cikin 100 kowace shekara, daga 2016 zuwa 2020. Kashi ɗaya kamar ba komai ba ne, amma a lissafa. Gidan da ake biya wa fam 100 a mako ya sauko zuwa wajen 96, alhali bisa tsohuwar ƙa'ida da ya kai wajen 110. Wannan giɓi kuma ba ya cikewa, domin duk ƙarin da aka yi daga baya a kan 96 ɗin aka ɗora shi. A ninka shi da gidaje dubu ashirin ko hamsin, a makonni 52, har shekara 30. Bashin 2012 kuwa ko kwabo ba a rage ba.

Wa ya ci ribar ragin? Yawancin 'yan haya tallafin haya na gwamnati ke biya musu duka ko wani ɓangare, saboda haka baitulmali ce ta fi kowa samun sauƙi. A ganina wannan ne mataki guda da ya fi yi wa asusun gidajen kansil illa a wannan ƙarni, kuma an yi shi ne da sunan tausaya wa talaka.

A 2023 an sake irin haka, ko da yake wannan karon da hujja mai ƙarfi. Ƙa'ida ta ba da damar ƙarin kashi 11.1, gwamnati ta tsayar da shi a kashi 7 saboda tsadar rayuwa. 'Yan haya sun samu sa'ida, amma kuɗin bulo da katako da ladan magina ba su tsaya a kashi 7 ba. A 2024 ƙananan hukumomi fiye da 100, ƙarƙashin jagorancin Southwark ta Landan, suka fitar da rahoto cewa asusun gidajensu zai fuskanci giɓin fam biliyan 2.2 kafin 2028.

Me ya hana su cin bashi su yi gini, tunda haya za ta biya?

Daga 2012 zuwa Oktoban 2018 doka ce ta hana: an sa wa kowane asusu iyakar rancen da ba zai tsallake ba. Tushen abin shi ne yadda Birtaniya ke lissafin bashin ƙasa, inda take haɗa rancen gina gidajen kansil a ciki, alhali ƙasashen Turai da dama ba sa sa irin wannan rance a ma'aunin da suke bi. Firaminista Theresa May ta cire iyakar a 2018, wasu garuruwa suka fara gini. Norwich, wadda ta fara aikinta tun kafin a cire iyakar, ta gina unguwar Goldsmith Street mai gidaje kimanin 100, masu riƙe ɗumi har kuɗin wuta ya zama kaɗan, ta ci kyautar Stirling ta zanen gine-gine a 2019. Sai kuɗin ruwa ya tashi daga 2022, kayan gini suka yi tsada, aikin kare gobara ya cinye abin da ke hannu. Izinin cin bashi bai da amfani ga wanda hayarsa ba za ta iya biyan ruwan bashin ba.

Ga kuma tsadar fili. Dokar biyan diyyar ƙasa ta 1961 ta sa hukuma in za ta karɓi fili sai ta biya har da darajar da ake tsammanin zai yi in an ba da izinin gini a kansa. Dokar 2023 ta fara sassauta wannan a wasu ayyuka.

Ana ta sanar da gina gidaje masu rahusa. Ba su ne ba?

A kula da wannan. A 2010 gwamnatin haɗaka ta rage tallafin gina gidaje da wajen kashi 60 cikin 100, a 2011 kuma ta ƙirƙiro wani sabon rukunin haya da ake iya cajin har kashi 80 na farashin kasuwa, shi ma ana lissafa shi cikin masu rahusa. Kashi 80 na hayar Landan ba abin da mai gadi ko mai shara zai iya biya ba ne. Sabbin gidaje masu hayar rahusa ta asali, wato ta wajen rabin farashin kasuwa, sun kusa 40,000 a shekarar 2010 zuwa 2011. Shekara shida bayan haka sun faɗo ƙasa da 7,000.

Kaso mai yawa na abin da ake samu ma daga kamfanonin gini yake fitowa, ta sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990, wanda ke sa kamfani ya ware wasu gidaje masu rahusa kafin a ba shi izini. In kasuwa ta yi sanyi, su ma sai su ragu. Kuma kamfani yana iya kawo lissafi ya ce aikin ba zai yi riba ba in an tilasta masa, a rage masa adadin.

Mutum nawa ke jira, kuma ina suke kwana kafin nan?

Iyalai fiye da miliyan 1.3 ke kan layin jira a Ingila. Tun dokar 1977, ƙaramar hukuma wajibi ne ta samar da matsuguni ga wasu rukunin marasa gida, musamman masu yara. In ba ta da gidan kanta, sai ta kama ɗakin otal, ko masauki, ko fulat na ɗan kasuwa da ake biya dare-dare. A 2025 iyalai sama da 130,000 ne ke irin wannan zama na wucin gadi, da yara wajen 170,000. Doka ta ce kada iyali mai yara ya wuce mako shida a masaukin da ake tarayyar banɗaki ko kicin, amma ana karya ta a kai a kai. Wasu kuma akan kai su wani gari mai nisa da makarantar yara da wurin aiki.

Kuɗin da wannan ke ci ya haura fam biliyan 2 a shekara, kuma ƙananan hukumomin Landan sun ce a 2024 fam miliyan 4 suke kashewa kowace rana. Gwamnatin tsakiya tana mayar musu da wani ɓangare, amma bisa farashin haya na Janairun 2011, wanda ba a taɓa ba tun lokacin. Ragowar daga babban asusun gari ake cire shi, wanda ke kula da tsofaffi da marayu da hanyoyi. An ƙi kashe kuɗi a kan bulo, ana kashe shi a kan otal, kuma bayan shekara goma babu ko bango ɗaya da za a nuna.

Gaskiya ne gidajen kansil sun fi kowane gida lalacewa?

A ƙididdiga, a'a. Binciken gidaje na gwamnati ya nuna wajen kashi 10 na gidajen haya masu rahusa ne suka gaza ma'aunin gida mai kyau, alhali a gidajen haya na 'yan kasuwa abin ya kai wajen kashi 21. Shirin gyara da gwamnatin Tony Blair ta fara a 2000 ya sa wa gidaje masu yawa sabon kicin da banɗaki da tagogi. To amma kicin ɗin da aka sa a 2004 yanzu shi ma ya tsufa, kuma dogayen benayen da aka gina cikin gaggawa a shekarun 1960 da kankare haɗe-haɗe sun kai ƙarshen shekarun da aka ɗibar musu. Tun 1968, lokacin da fashewar gas ta rushe kusurwar benen Ronan Point a Newham ta kashe mutum huɗu, aka san irin wannan gini yana da aibi.

Me gobarar Grenfell da dokar Awaab suka canza?

A daren 14 ga Yuni 2017 wuta ta kama benen Grenfell a Kensington, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi arziki a ƙasar, mutum 72 suka rasu. Rufin ado da aka manna wa jikin benen a lokacin gyara shi ya yaɗa wutar, kuma an zaɓe shi ne a maimakon wani mai tsada don a rage kusan fam 300,000. Mazauna benen sun yi ta gargaɗi kafin nan ba a saurare su ba. Ba kuma shi ne karo na farko ba: a 2009 gobarar Lakanal House a Southwark ta kashe mutum shida. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike ya fito a Satumban 2024.

A Disambar 2020 kuma yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale. Mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke a 2022 cewa fumfunar da ta lulluɓe bangon gidansu ce ta lalata masa numfashi. Mahaifinsa ya sha kai ƙara, aka riƙa ɗora laifin a kan yadda iyalin ke zama a gidan. Gidan na ƙungiyar da ta karɓi gidajen garin daga ƙaramar hukuma ne, amma dokar da aka sa wa sunan yaron ta hau kan ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gidaje duka. Daga 27 ga Oktoba 2025, haɗarin gaggawa sai an magance shi cikin awa 24, danshi da fumfuna masu haɗari kuma a bincika su cikin ranakun aiki goma.

Tun Afrilun 2024 hukumar sa ido kan gidajen haya masu rahusa tana shiga ta duba masu gidajen tana ba su maki daga C1 zuwa C4, kuma Newham ce ta fara samun mafi ƙasƙanci. Duk waɗannan dokoki daidai ne, sun ma makara. Sai dai kusan dukkansu daga asusun haya ɗin nan guda za a biya su: sabbin ƙofofin kare gobara, cire rufin ado, maganin danshi, da gyaran riƙe ɗumi da ake son a kammala kafin 2030. Shugaban sashen gidaje da aka ba zaɓi tsakanin gyara benen da mutane ke ciki da aza harsashin sabo, gyara zai zaɓa, kuma babu mai ganin laifinsa.

Gwamnatin Leba ta kawo gyara?

Ta taɓa wuraren da suka dace. A Yunin 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da fam biliyan 39 na shekara goma, a Yuli kuma gwamnati ta bayyana burin gidaje wajen 300,000, aƙalla kashi 60 na hayar rahusa ta asali. Reeves ta kuma ba da ƙa'idar ƙarin haya ta shekara goma daga Afrilun 2026: hauhawar farashi da kashi 1 a kai. Gwamnati ta bayyana niyyar ɗaga wa'adin cancantar sayen gidan kansil daga shekara uku zuwa goma, da hana sayar da sabon gida har shekara 35.

A raba kashi 60 na 300,000 a shekara goma, gida 18,000 ke nan a shekara, ga layi mai iyalai miliyan 1.3. Kuma kaso mai yawa na kuɗin ƙungiyoyin gidaje za su samu, domin ƙananan hukumomi da dama sun rasa ma'aikatan da suka iya gini tun tuni. Bashin 2012 yana nan. Game da alkawarin shekara goma, duk wanda ke wannan aiki a 2015 ya taɓa jin irinsa.

Ni baƙo ne a Birtaniya. Zan iya neman gidan kansil?

Ya danganta da takardarka. In bizarka ta karatu ce ko ta aiki, galibi tana ɗauke da sharaɗin hana cin tallafin gwamnati, kuma gidan kansil yana cikin abin da aka hana. Mai neman mafaka da ba a gama shari'arsa ba shi ma ba ya cikin layin. Ma'aikatar cikin gida ke ajiye shi a wani tsari daban. Wanda ya samu izinin zama na dindindin, ko aka amince masa da matsayin ɗan gudun hijira, yana iya yin rajista. Zancen da ake yawan yi cewa baƙi ne suka cinye gidajen bai yi daidai da alƙaluma ba, domin kusan kashi 90 na sabbin masu shiga 'yan ƙasa ne.

Ko ka cancanta, ba wanda ya riga zuwa ake fara ba wa ba. Ana duba rashin matsuguni, cunkoso, rashin lafiya da haɗarin da mutum ke ciki, kuma tun dokar 2011 garuruwa da yawa suna neman sai ka yi wasu shekaru a yankinsu kafin su karɓi sunanka. Iyali mai yara da yawa da ke neman gida mai ɗaki uku ko huɗu ya fi kowa daɗewa, saboda irin waɗannan gidaje masu lambu a baya su aka fara sayewa tun shekarun 1980.